Keke Mai Gashin Baki

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku, na karanta su duka. Wasu na cewa in daina zagin kaina, wai ƙuruciya ce. Ba ƙuruciya ba ce. Shekarata ashirin da biyu, na yi saukar Alƙur'ani, na san ƙarya na san gaskiya. Wadda ta shigo neman labarin daɗi ta nemi wani shafin. Yau zan faɗa muku abin da ya faru ranar Talata a gidanmu da ke Kurfi, kuma ba zan rage komai don in wanke kaina ba.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, sunana Mubina. Ni ce 'yar fari a gidan Malam Badamasi mai sayar da hatsi. Ina koyon ɗinki a Dutsin-Ma, ina zaune wurin Gwaggo Fatu ƙanwar Baba, sai ƙarshen wata nake leƙowa gida. A can na haɗu da Zaharaddin mai gyaran keke, rumfarsa tana kallon shagonmu. Ya yi abin da ya dace, ya zo Kurfi ya gabatar da kansa. Baba ya ce bai hana ba, bai kuma amince ba, zai duba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, ta bakin Inna ya iso gare ni, don Baba ba ya doguwar magana da ni, kun san kunyar ɗan fari. Zance a ƙofar gidansa kawai. Ranar da ya ji an gan mu tare a Dutsin-Ma, ko a bakin titi ne, magana ta mutu.

Na ce na ji. Ban ji ba.

Sai na ba ku labarin keken kafin ku gane sauran.

Zaharaddin da hannunsa ya haɗa shi, bayan ya sha kallon irinsa a waya. Baƙi ne wuluk, tayoyinsa sirara, ba kariyar ɗaukar kaya a baya, ba ƙararrawa, ba murfin sarƙa. Kan keken kuwa wurin mai walda ya je aka lanƙwasa masa ƙarfe. Ya miƙe gaba, ya buɗe gefe da gefe, sannan ya lauyo baya wajen mahayi, kamar gashin bakin tsohon soja da aka murɗe da mai. Ya naɗe shi da jar fatar akuya. Duk layin kasuwa "Gashin Baki" suke ce wa keken, har shi ma sunan ya fara bin sa.

Wannan duk ado ne. Abin da ba a gani shi ne ya cire masa firi. Duk keken da kuka sani, idan aka zo gangare mutum yakan tsai da ƙafa ya huta, keke ya yi ta gudu. Wannan ba ya haka. Muddin tayar baya tana juyawa, feda tana juyawa. In ka tsai da ƙafa, shi ba zai tsaya ba, sai ya ɗaga ka daga sirdi. Birki ɗaya gare shi, na tayar gaba, kuma ba a ƙarƙashin hannu yake ba inda kowa ya saba lalubawa. Can gaba yake, a kan lanƙwasar, sai wanda ya sani.

Ranar farko da ya bayyana min, dariya na yi.

"Kai kuwa me keke ya yi maka da za ka hana shi hutu?"

"Ba ki hau ba ne," in ji shi, yana goge sarƙar da tsumma. "A wannan, ƙafarki ce ke jin titi. Kamar ku biyun jiki ɗaya ne."

"To Allah ya ba ku zaman lafiya, kai da amaryarka."

"Kishi kike da keke, Mubina?"

'Yan mata, ku lura da irin wannan hirar. Ba ta da laifi a baki, amma ita ce ke jan ƙafa. Wata biyu da suka wuce, wata Juma'a da yamma, na ce wa Gwaggo zan kai ɗinki gidan wata mata. Ban kai komai ba. Wani fili muka je da shi a hanyar dam, inda ba mai wucewa sai masu shanu. Ni na roƙa ya bar ni in hau. Na iya keke tun ina yarinya, a na Baba na koya. Ya gargaɗe ni sau uku. Na ce na ji.

A shimfiɗaɗɗen wuri lafiya lau. Da na zo ɗan gangare, wanda bai kai tsawon gida biyu ba, ƙafafuna suka yi abin da suka saba, suka tsaya. Feda ta doke ni daga ƙasa. Yatsuna suka laluba neman birki, ba su tarar da komai ba sai fata. Sarƙa ta kama bakin zanena ta ja, ba ta kuma saki ba, don ba ta san saki ba. Na tsinci kaina a ƙasa, haƙoran ƙarfen sun tsaga min idon sawu, jini har cikin takalmi.

Da na zo gida Inna ta ga ɗaurin, na ce langa-langar ƙofar banɗakin Gwaggo ce ta yanke ni. Ta dube ni. Na ce wallahi. Ku rubuta wannan a inda ba za ku manta ba: na rantse da Allah a kan ƙarya, ina kallon idon uwata. Tun daga ranar nake saka safa ko ana zafi.

To, ranar Talata.

A makon ne Baba ya ce zai ba da amsa. Zaharaddin ya lura tsohon keken Baba yana kuka duk inda ya bi, sai ya roƙi izini ya zo ya gyara shi. Baba ya ce to. Ni na san wannan "to" ɗin ba ƙarama ba ce, don yanzu keken nan ko ƙannena ba sa taɓa shi.

Da hantsi ya iso, daga Dutsin-Ma a kan Gashin Baki, jakar kayan aiki a baya. Ya jingine shi a ƙofar gida, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a zaure. Ni ina ciki, na ci ado kamar mai zuwa biki alhali ba inda za ni: atamfa koriya mai zanen ganye wadda na ɗinka da kaina, lallen da aka yi min ranar Lahadi ya kama ja sosai, na yi turaren wuta har ɗankwali. Inna tana tsakar gida tana turara dambun zogale na baƙo. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke, shi da ke zaure ta bango zai gan ki?"

Akwai wata 'yar taga a bangon zaure ta cikin gida, tsayin kafaɗata. Nan na laɓe da tsintsiya a hannu, wai shara nake.

Kafin Azahar ya wargaza keken Baba kaf. Tayoyi a gefe, sarƙa a cikin kwanon kalanzir, ƙananan ƙwallayen ƙarfe a jere a kan buhu. Baba yana kan tabarma yana kallo, yana ba shi labarin zamanin da yake ɗora buhu biyu na gero ya kai Dutsin-Ma ya dawo kafin La'asar. Sai na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka fara maganar nan. Baba ya yi dariya da shi.

Waya ta motsa a hannuna, saƙon Zaharaddin ne.

"Kin ji? Ya ce hannuna na da albarka."

"Na ji. Ka mai da kai kan aikinka kada ya gan ka da waya."

"Yau sai sadaka."

Suka je masallaci suka dawo tare. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, iska ta tsaya cik, kaji suka shige ƙarƙashin rumbu tun rana na sama. Ina ɗauke da kwanon dambu zan bayar a miƙa zaure, wayar Baba ta yi ƙara.

Na ji ya ce, "Na'am." Sai shiru. Sai "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," sau biyu, a hankali.

Malam Ya'u na Birchi ne ya rasu. Amininsa tun suna samari, tare suka yi fataucin hatsi a kan keke. Za a yi jana'iza da an idar da La'asar, suna gudun ruwa.

Baba ya miƙe. Ya dubi kekensa a warwatse a ƙasa.

"Baba, bari in nemo ɗan acaba," in ji Zaharaddin.

"Ban taɓa hawa bayan yaro ba, ba kuma a kan gawar Ya'u zan fara ba." Ya leƙa waje. "Ba ni wanga naka."

Saura kaɗan kwanon ya faɗi daga hannuna.

Ta tagar ina ganin ƙeyar Zaharaddin. Yana durƙushe, kansa a ƙasa, yadda ake so mai neman aure ya kasance gaban uban yarinya.

"Baba... keken yana da wani hali."

"Hali? Keke ne ko jaki?"

"Fedarsa ce, Baba. Ba kamar sauran ba ce. Kuma birkin..."

"Zaharaddini." Muryar Baba ta sauka. Na san wannan saukar. "Shekara arba'in ina bisa keke. Ba a haihe ka ba nake tahiya Dutsin-Ma da kaya. Koya mani za ka yi, ko hana ni kake?"

Kun ji kalmar. Hana. Saurayin da ya hana surukinsa aron keke ranar mutuwar amininsa, wa zai ba shi 'ya a garin nan?

"Wane ni, Baba," in ji shi. "Naka ne."

Baba ya shigo cikin gida zai sauya kaya. Na koma bakin ɗakin Inna da gudu. Saƙo ya riga ni.

"Mubina ki gaya masa. Ni na kasa."

"Me zan ce?"

"Kada ya tsai da ƙafa a gangare. Birki yana can gaba. Ya tattare riga. Akwai gangare a hanyar Birchi kafin gada, ya ninka wanda kika faɗi sau goma."

"In ya tambaye ni ta ina na sani fa?"

"Ki ce ni na faɗa miki."

"Sai ya ce ka turo mace ta hana shi abin da ka kasa hanawa."

Ya rubuta, ya goge. Ya sake rubutawa. Sai ga shi: "To ki nuna masa ƙafarki."

Gaskiya ya faɗa. Na san ubana. Magana ba ta juya shi, sai abin da ya gani da ido. Da na zare safar nan na ce, Baba, dubi abin da keken nan ya yi min, da ya tsaya. Da ya zage ni, da ya kori Zaharaddin, da maganar aure ta mutu a ranar. Amma da bai hau ba.

Ya fito daga ɗakinsa cikin farar babbar riga, wadda yake sawa Juma'a, mai faɗi har tana shafar ƙasa, da wando mai buje. Na kalli bakin rigar, na tuna zanena a cikin sarƙa. Inna ta ce, "Ke, miƙa wa Malam takalminsa."

Na kai. Na durƙusa na ajiye a gabansa. Ni da shi kawai, tazarar hannu. Idanunsa sun yi ja, bai yi kuka ba amma kaɗan ya rage.

"Baba," na ce. Muryata kamar ta wata. "An ce keken nan ba ya..."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a cikin takalmi. Ya dube ni sosai, abin da ba ya yi.

"Wa ya ce? Ina kika san keken?"

Safar tana ƙafata. Hannuna yana kusa da ita, ko miƙawa ba sai na yi ba.

"Ba kowa, Baba," na ce. "Allah ya jiƙan Malam Ya'u. A dawo lafiya."

"Amin," ya ce, ya wuce.

Kada wata ta rubuto min cewa tsoro ne ya kama ni. Ba tsoro ba ne. Awo na yi. Na ɗora aurena a hannu ɗaya, na ɗora ubana a ɗayan, na ce wa kaina ai ƙwararre ne, zai gane keken tun a ƙofar gida. Haka mai son zuciya yake yi, sai ya nemo dalilin da zai bar shi ya yi shiru, ya kira shi tawakkali.

Kuma da zai gane ɗin. Dattawa yadda suke hawa keke, sukan ɗora ƙafa ɗaya a feda su tura da ɗayar, keke na tafiya sannan su haye. Da Baba ya yi haka, fedar za ta ɗaga shi tun taku na biyu, ya san akwai magana. Amma gwiwarsa na ciwo bana, sirdin kuma ya yi masa tsawo. Sai ya taka dakalin ƙofar gida. Zaharaddin, don ladabi, ya riƙe masa keken da hannu biyu har ya zauna daidai, ya gyara masa rigar ta gefe ɗaya, sannan ya tura shi a hankali.

Ina leƙe ta ƙofar zaure. Baba ya kama ƙarshen gashin bakin nan, hagu da dama, inda hannu ya saba zama, nesa da birki. Layinmu yashi ne, daga nan har titi hawa ne kaɗan kaɗan, ga shi yana sauri. Ba inda zai tsai da ƙafa. Na ga farar rigar ta cika da iska, ta sha kwana wajen masallaci.

Zaharaddin ya juyo. Fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka.

"Kin gaya masa?"

Na girgiza kai.

Ko takalmi bai ɗaure ba ya ruga wajen tasha neman babur.

Na koma ciki. Inna tana kwashe dambu. Na tsaya a kanta, na zare safar, na ce, "Inna, ba langa-langa ba ce."

Na faɗa mata duka, a tsaye, cikin numfashi ɗaya. Filin hanyar dam, gangaren, sarƙar, rantsuwar. Ban yi kuka ba, kuka ma sai mai sauran mutunci. Ta ajiye ludayin. Ta sunkuya ta kalli tabon, layi huɗu a jere kamar cizon dabba. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ta haife ni, sai "ke" ko "yarinyar nan". Ranar ta kira.

"Mubina. Kina da wannan a ƙafarki, kika miƙa mashi takalmi?"

Da ta mare ni da ya fi sauƙi.

Na lalubo lambar Baba zan kira. Ta fizge wayar.

"Ki kira shi ya saki hannu ɗaya ya shiga laluben aljihu? Ba ki gama ba?"

Ta mayar min da wayar. Haka muka zauna, ga waya ga lamba, ba halin kira. Ta shimfiɗa darduma a tsakar gida ta ɗauki carbi. Ni na zauna a bakin rijiya. Dambun ya huce a buɗe, ƙudaje suka same shi, ba wadda ta tashi ta rufe. Hadarin ya rufe rabin gari, aka fara walƙiya ba tsawa.

Saƙon Zaharaddin na farko: "Ba babur a tasha, duk sun tafi cin kasuwa. Ina nema."

Na biyu, bayan minti ashirin: "Na samu. Mun taho."

Aka kira La'asar. Muka yi salla, ban san me na karanta ba. Da muka sallame Inna ta kira wata 'yar uwarta da ke aure a Birchi, ta sa a bayyane don in ji. Suka yi gaisuwar mutuwa. Sai Inna ta ce, kamar ba komai, "Malam ya iso kuwa?"

"Malam Badamasi? Ai shi aka yi ta jira, har liman ya ce a ƙara kaɗan. Da aka ga hadari aka sallaci Malam Ya'u. Sun tahi maƙabarta yanzu. Ba tare yake da ku ba?"

Inna ta ce, "To, madalla," ta kashe.

Na uku ya shigo ina riƙe da wayar: "Mun kusa gangaren. Akwai mutane a tsaye wajen gada."

Na rubuta, "Su wa?" Ya nuna ya karanta. Na rubuta, "Zaharaddin ka yi magana." Ya nuna ya karanta. Na kira, ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira, a kashe.

Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan dardumar Inna. Ba ta motsa ba.

Sai wayarta ta yi ƙara, 'yar ƙaramar nan mai madannai da take ɗaurewa a bakin zane. Ta kwance ta, ta duba. Ta juyo min da fuskar wayar in gani. An rubuta "Malam".

Na ce, "Alhamdulillahi, Inna, shi ne, ɗauki!"

"Ke za ki ɗauka," ta ce.

Na karɓa. Na danna, na kai kunne.

"Baba?"

Hayaniyar mutane na fara ji, da ƙarar iska, da wani can nesa yana cewa a matsa, a ba shi wuri. Sannan wata murya ta yi sallama. Muryar dattijo ce, a natse, ban taɓa jin ta ba.

"Baiwar Allah, mi kike ga mai wayar nan?"

"'Yarsa ce. Ina yake? Ba shi wayar."

Na ji mutumin ya rufe bakin wayar da hannu ya yi magana da wani. Sannan ya dawo.

"Yarinya, ba da ke zan yi magana ba. Akwai namiji babba a gidan?"